Yadda Ake Sake Gwabza Yaƙin Hastings a Ingila

Filin da aka gwabza yaƙin Hastings yana garin Battle a kudancin Ingila, kuma a nan ne rundunar William na Normandi, wani yanki a arewacin Faransa, ta murƙushe dakarun Sarki Harold na Ingila ranar 14 ga Oktoba, 1066. A mafi yawan shekaru, idan watan Oktoba ya kama, hukumar English Heritage da ke kula da wurin tana ware ranakun Asabar da Lahadi domin ɗaruruwan masu sha'awar tarihi su taru su kwaikwayi wannan yaƙi a gaban jama'a.

Ba a barin mutum ya shiga fagen haka kawai. Sai ya kasance cikin wata ƙungiya, ya yi atisaye, an kuma tabbatar ya iya sarrafa makaminsa, domin ko da yake takubban da masun duk dakusassu ne, kibau kuma an toshe bakinsu da roba, ƙarfe dai ƙarfe ne. Ana duba tufafi ma: ulu da lilin irin na wancan zamani, babu agogo, babu takalmin kanti. Da yawa suna kwana cikin tantuna, suna girki a kan murhu, 'yan kallo kuma suna zagayawa suna yi musu tambayoyi.

Ku dubi rigar da mai shiga fagen yake sakawa. Sulke ne, irin wanda muke gani a jikin wasu mahaya ranar hawan daba a Kano, zobba ƙanana aka sarƙa har suka zama riga, kuma nauyinsa kan haura kilo 10. Idan aka haɗa da kwalkwali da garkuwa, sai numfashi ya soma sarƙewa tun kafin a kai rabin tudun da dakarun Harold suka ja daga a kai.

A ganina, wannan wahala ce ke ba taron daraja. Wanda ya tsaya kafaɗa da kafaɗa a sahun Harold, garkuwarsa manne da ta maƙwabcinsa, dawakai suna tunkaro shi daga gangare, shi ne zai gane dalilin da sahun ya jure kusan yini guda, da kuma yadda ya ɓare sa'ad da wasu suka bar tudun suna bin Normawan da suka juya da baya.

Bayan Harold ya faɗi, waɗanda aka "kashe" sukan miƙe su kakkaɓe ciyawa. Daga nan 'yan kallo kan haura kufan majami'ar da William ya sa aka gina, inda aka aza dutse a daidai wurin da aka ce sarkin ya mutu.