Awo Ya Sauka, Sai a Ajiye Ƙwayar Hawan Jini?

[Hoto: waya a hannu, saƙon murya yana tafiya]

Wataƙila wannan saƙon ya iso wayarku. Wani bawan Allah ne yake rantsuwa cewa ya haɗa zoɓo da tafarnuwa da zogale ya sha, ya je aka auna shi, aka ce jininsa lafiya lau, shi kuwa ya watsar da ƙwayoyin asibiti. An tura a zauren 'yan uwa, an tura a na 'yan unguwa, har Hajiya ta ce a sake kunna mata.

Ban ce mutumin ƙarya yake yi ba. Mai yiwuwa awon ya sauka ɗin. Fassarar da aka yi wa saukar ce ta kawo mu nan.

[Hoto: Kasuwar Kurmi, masu sassaƙe da saiwoyi]

Duk wanda ya tashi a cikin birni ya san wannan layin. Mura ta kama ka, a dafa citta da kanumfari da masoro, a matsa lemun tsami. Zazzaɓi kuwa, ganyen darbejiya da na mangwaro da na gwanda, a lulluɓe ka da bargo a kan tukunya ka yi sirace har gumi ya tsatso. Sabara ga mai gudawa. Sai jiƙon nan na bayan ƙofar Iya, wanda ganin kwalbarsa kaɗai kan sa yaro ya ce ai ya ji sauƙi.

Yawancin waɗannan cututtuka ne masu zuwa su tafi. Ka kwanta, a ba ka, ka miƙe, a kife ƙoƙo. A haka muka san magani: ana sha ne har ciwo ya tafi. Da shekaru suka ja likita ya ce hawan jini, sai muka ɗauko wannan lissafin muka ɗora masa.

[Hoto: na'urar awo a damtsen wani dattijo]

Na'urar awon jini lambobi biyu take nunawa. Lambar sama, ƙarfin jini ne lokacin da zuciya ta matsa. Ta ƙasa, lokacin da ta saki. Wajen 120 bisa 80, lafiya. In an sami 140 bisa 90 ko fiye, a ranaku daban-daban, shi ne hawan jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce manya fiye da biliyan 1 ne ke da shi, kusan rabinsu ba su ma sani ba, don ba ya ciwo. Masu jiran ciwon kai ya sanar da su, su daina jira.

To, a nan zan daɗe, Malam, a gyara zama.

A wurin yawancin manya, hawan jini ba ƙwayar cuta ba ce da za a kashe a huta. Gado ne, da shekaru, da jijiyoyin jini da suka fara tauri, da yawan cin gishiri, da ƙiba. Ƙwayar da aka rubuta maka ba ta cire ko ɗaya daga ciki. Amlodipine sassauta bangon jijiya take yi jini ya wuce a sauƙaƙe. Wasu ƙwayoyin sa ƙoda suke yi ta fitar da gishiri da ruwa ta fitsari. Lisinopril kuma tare sinadarin da ke tsuke jijiya take yi. Dukkansu suna aiki ne muddin suna cikin jini.

Saboda haka in kana shan magani aka auna aka ga 125 bisa 80, abin da na'urar ke gaya maka shi ne maganin yana aiki. Ba ta ce ka warke ba. Kamar ka ɗauki maigadi ne, shekara ta zagayo ba a yi sata ba, sai ka sallame shi wai unguwa ta yi lafiya.

Ga kuma abin da ya fi ruɗa mutane. Amlodipine ba ta barin jiki da wuri. Bayan kwana ɗaya da rabi zuwa biyu, kusan rabinta yana nan. Baba ya daina sha ranar Litinin, ya koma zoɓo, ranar Laraba ya biya kemis aka auna, awo lafiya. Wa ya ci yabon? Zoɓo. Alhali ragowar ƙwayar ce ke riƙe da shi. Cikin mako ɗaya ko biyu jini ya sake hawa, shiru, ba ciwo, lokacin kuma an riga an tura saƙon murya, ba mai komawa awo.

[Hoto: ƙofar Asibitin Malam Aminu Kano, daga nesa]

Abin da ke biyo baya bayan watanni ko shekaru, kun sani: shanyewar ɓarin jiki, ciwon zuciya, lalacewar ido, da ƙoda. Hawan jini da ciwon suga suna sahun gaba a abubuwan da ke kai mutum ga wankin ƙoda.

Ciwon suga ma dokar ɗaya ce. Awon safe kafin a karya, 126 ko fiye a irin na'urar da aka fi gani, shi ke nuna shi. In ya sauka kana shan ƙwayar suga irin metformin, ita ta saukar. Zuma kuma, duk darajarta, tana ɗaga suga.

[Hoto: zoɓo yana tafasa]

Kada a ce na tsani kayan gida. An yi bincike a kan zoɓo, an ga yana ɗan rage hawan jini. Ɗan ragewa fa, kuma ba zoɓon biki da aka zuba wa gwangwanin sukari ba. Ita kanta metformin asalinta daga wani tsiro ne na Turai. Bambancin shi ne ma'auni: ƙwaya mai miligiram 5 yau da gobe 5 ce, jiƙo kuwa yau ya yi kauri, gobe ya tsinke. Mai amalanke da lasifika, wanda kwalbarsa ɗaya ke maganin basir da sanyi da suga da hawan jini har da rashin kasuwa, wannan sai dai mu ce Allah ya ba shi wata sana'ar.

A ganina, ainihin maganin da ke kicin ragewa ne. Gishiri, ƙasa da giram 5 a yini, wajen ƙaramin cokali ɗaya, kuma lissafin ya haɗa da dunƙulen miya da yajin tsire. Kanwa ma tana ciki. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da wankan jego mai tsananin zafi da ciwon zuciyar masu jego. Sai ƙwayoyin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, da ake saya a kemis kamar gyaɗa: suna ɗaga jini, suna wahalar da ƙoda.

[Hoto: layin marasa lafiya, kati a hannu]

Na san ba saƙon murya kaɗai ke sa a daina ba. Akwai tsadar magani. Akwai kumburin ƙafa daga amlodipine, busasshen tari daga lisinopril, da kuma zancen nan da maza ke yi ƙasa-ƙasa a majalisa. Duk waɗannan a faɗa wa likita, kunya ba ta da wuri a nan, don akwai wasu nau'o'in da za a canza. Akwai ma wanda in ya rage ƙiba da gishiri za a rage masa ƙwaya, amma likita ne zai rage, yana bin awo.

Ranar komawa asibiti, Hajiya, a tafi da ƙwayoyin duka a ledarsu, da takardar da ake rubuta awo, da ita kanta kwalbar jiƙon in ana sha. In azumi ya gabato, a tambayi yadda za a raba shan tsakanin sahur da buɗa-baki. In kuwa aka ga baki ya karkace, ko hannu ya yi sanyi ya ƙi ɗaguwa, ko magana ta sarƙe, kada a tsaya dafa komai, a nemi abin hawa a wuce asibiti nan take.