Amsoshin Tambayoyinku: Agogon GPS ko Na'urar Kan Keke?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙu uku muka ware a yau, duk a kan na'urar GPS mai auna bugun zuciya.

Ta farko daga wani malamin makaranta ce a Jos. Ya ce yakan motsa jiki da keke bayan sallar asuba, ranar Asabar kuma shi da abokansa su nufi tsaunukan Shere hawan dutse. Kuɗin abu ɗaya gare shi. Agogo zai saya, ko ƙaramar na'urar da ake ɗaurawa a kan keke?

Malam, agogo za ka saya. Na'urorin kan keke irin su Garmin Edge da Wahoo Elemnt suna da daɗin aiki, fuskarsu babba ce, taswira na gabanka ba sai ka saki hannu ba. To amma ba sa auna zuciya da kansu, sai an haɗa su da wani abin, kuma ranar hawan dutse sai dai su kwana a aljihu. Agogo kuwa duk inda ka sa ƙafa yana tare da kai.

Sai dai ka rage wani abu a cikin kuɗin nan domin ɗamarar ƙirji mai auna bugun zuciya, kuma a nan nake son mu ɗan tsaya. Juya bayan agogon, za ka ga wani koren haske yana ƙiftawa. Shi ne yake shiga fata ya dawo, agogon ya ƙiyasta bugun zuciya daga yadda jini ke ƙaruwa da raguwa a wurin. Idan kana zaune ko kana tafiya a ƙasa, lissafin yakan zo kusa da daidai. Kan keke labari ya sha bamban. Wuyan hannunka a lanƙwashe yake, ka damƙe kan keke da ƙarfi, ga gargada tana girgiza agogon, ga sanyin Jos da ke rage gudun jini a fata. Sai ka ga kana haki a kan tudu, agogo na cewa bugu 95 kacal a minti. Ita ɗamara ba ruwanta da haske. Siginar lantarkin zuciyar take ɗauka kai tsaye, irin wadda ake aunawa a asibiti. Kamfanin Polar na ƙasar Finlan ne ya fito da irinta mara waya a 1982, kuma har yau masu tseren keke ita suke ɗaurawa. Polar H10 ko Garmin HRM-Dual duk sun wadatar. Abin dubawa shi ne ta iya magana da agogonka ta Bluetooth ko ANT+, wata hanyar haɗa na'urori ba waya. Waɗannan biyun da na ambata suna da duka.

Da hunturu, jiƙa wurin da ɗamarar ke taɓa fata kafin ka ɗaura. Busasshiyar fata ba ta isar da sigina, shi ya sa lambobin kan yi ta tsalle-tsalle har sai zufa ta karyo.

Saboda dutsen kuma, nemi agogo mai auna nauyin iska, wato barometa. GPS ya fi ƙwarewa wajen faɗin inda kake a kan faɗin tsayin da ka hau. Tsaunukan Shere sun kai mita 1,829, kuma mai barometa ne zai lissafa maka hawa da gangara yadda hankali zai kwanta. Garmin Instinct da Fenix suna da shi, haka wasu na Suunto da Coros. Idan wanda aka yi amfani da shi za ka saya, kada ka biya sai ka fita fili da shi ya kama siginar tauraron ɗan Adam a gabanka.

Wasiƙa ta biyu wata baiwar Allah ce ta aiko daga Damagaram. Tana tambaya: waya ba ta isa ba ne? Kuma GPS na cin data?

Hajiya, ba ya ci. Taurarin GPS na Amurka suna can sama da nisan kilomita 20,200 suna watso sigina kyauta, na'urarki saurare kawai take yi, kuma huɗu take buƙata ta gane inda kike. Rasha na da GLONASS, Turai na da Galileo, Sin na da BeiDou, yawancin na'urorin yanzu suna kama fiye da ɗaya. Taswira ce ke cin data, ita ma kina iya sauke ta tun daga gida da manhaja irin OsmAnd. Saboda haka idan zagayen gari ne na awa ɗaya ko biyu, wayarki da ɗamara mai Bluetooth sun ishe ki, kada ki ɓarnatar da kuɗinki. Matsalar waya sai tafiya ta yi tsawo: rana ta gasa ta, caji ya zube, alhali ita ce za ki nemi taimako da ita. Mai kwana a daji ya duba ƙaramar na'urar GPS ta riƙewa a hannu, Garmin eTrex 32x, batir biyu na AA take ci, ta yi kamar awa 25, kuma tana karɓar ɗamara ta ANT+.

Ina roƙonku da babbar murya, ku kula da abin da kuke wallafawa. A 2018 taswirar Strava, manhajar masu gudu da hawan keke, ta fallasa sansanonin soja saboda sojoji na ɗora zagayen gudunsu. Wanda ke ɗora nasa kullum ya nuna wa duniya ƙofar gidansa da lokacin fitarsa. Ku shiga saiti ku ɓoye farkon hanya da ƙarshenta.

Ta ƙarshe daga wani dattijo ɗan shekara 60 a Kano. Yana da hawan jini, yana son ya riƙa hawa Dala, ko agogon zai riƙa duba masa jinin?

Baba, Allah ya ƙara lafiya. Bugun zuciya daban, hawan jini daban, kuma waɗannan agogunan bugu suke ƙirgawa. Na'urar awon jini ta damtse tana nan a matsayinta. Akwai lissafin da ake yi, a cire shekarun mutum daga 220 a sami ƙololuwar bugunsa, naka ya kama 160 ke nan. Ƙiyasi ne kawai, kuma idan kana shan magani irin atenolol, wanda ke rage gudun zuciya, lissafin bai shafe ka ba sam. Je ka ga likitanka tukuna ya yanka maka iyaka, sannan ka saita agogon ya yi ƙara idan ka haura ta. In ka ji ciwon ƙirji ko jiri, ka tsaya nan take, kome lambar da agogon ya nuna.

A ci gaba da aiko da wasiƙu, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.