Mikhail Tal, ɗan dabon Riga mai kyautar doki

Ku ɗauka ga allon darar ces (chess) a gabanku. Shekarar 1960 ce, a birnin Mosko, wasa na shida a karawar neman kambun duniya na darar ces. Mai fararen 'ya'ya shi ne Mikhail Botvinnik, zakaran duniya, injiniyan lantarki ɗan shekara 48, mutumin da ba ya ɗaga ɗan dara sai ya auna shi kamar mai awon zinariya. Mai baƙaƙen kuwa saurayi ne ɗan shekara 23. A motsi na 21, saurayin nan ya ɗauki dokinsa ya dire a gidan f4, daidai bakin wani sojan Botvinnik. Ga shi nan, ci abinka. Doki kuwa a lissafin 'yan dara bakin soja uku yake.

'Yan kallo suka kaure da hayaniya, har sai da alƙalai suka mayar da wasan wani ɗaki na baya. Botvinnik ya ci dokin, kuma ya sha kaye. Da aka gama karawar, saurayin na da maki 12 da rabi, Botvinnik na da 8 da rabi. Duniya ta samu zakaranta na takwas, wanda a lokacin ba a taɓa yin mai ƙarancin shekarunsa ba: Mikhail Tal.

An haife shi ranar 9 ga Nuwamba, 1936, a Riga. Ba rigar sawa ba, babban birnin ƙasar Latbiya, shi ya sa ake masa kirari da ɗan dabon Riga. Yatsu uku ne a hannunsa na dama tun haihuwa, hakan bai hana shi kaɗa piyano ba. Yana ɗan shekara 20 ya zama zakaran Tarayyar Sobiyet a 1957, ƙasar da a lokacin ita ce gidan darar ces. A 1959, a gasar fidda wanda zai ƙalubalanci Botvinnik, ya haɗu da Bobby Fischer na Amurka sau huɗu, ya doke shi sau huɗun. A gasar nan ce Pal Benko ya zo da baƙin tabarau, wai don ya kare kansa daga kallon da Tal ke tsare mutum da shi. Tal ya ari wani ƙaton tabarau ya ƙwama shi ma, zaure ya fashe da dariya.

To mene ne sirrin kyautar dokin nan? Idan Tal ya ba ka doki, hanya yake saya. Sojan da ya ci dokin ya bar wurin gadinsa, layi ya buɗe, sauran 'ya'yan Tal duk su samu ƙofar shiga gidan sarkinka. Kai kuma gaba kura baya sayaki: ka ƙi ci, dokin ya zauna maka a ƙofar gida, ka ci, ka faɗa cikin rikici mai rassa goma, kowane reshe da nasa rassan. Ga agogo yana tafiya, awa biyu da rabi ne na motsi 40. Amsa ɗaya ce tak za ta fisshe ka, kuma sai ka sake samo irinta a motsi na gaba, da na bayansa.

Daga baya masana, sannan kwamfuta, sun gano cewa da yawa daga cikin kyaututtukan nan suna da ɓaraka, har da na wasa na shida ɗin can. Ni a ganina wannan bai rage masa komai ba. Wanda ya samo amsar yana zaune a gida da shayinsa, bayan kwana uku, ba shi ne ke zaune gaban Tal gumi na keto masa ba. Shi kansa bai ɓoye ba. Ana danganta masa maganar cewa sadaukarwa iri biyu ce: akwai ta daidai, akwai kuma tasa.

Akwai labarin da ya bayar da bakinsa, na wasansa da Evgeni Vasiukov a 1964. Yana lissafin ko zai ba da doki, lissafi ya cakuɗe masa, sai kawai tunanin dorina ya faɗo masa: yaya za a yi a ciro dorina daga cikin taɓo? Ya yi ta saƙa dabaru, da igiya, da jirgi mai saukar ungulu, har ya gaji ya ce ta nutse abinta. Da hankalinsa ya dawo kan allo, ya ga lissafin ba mai ƙarewa ba ne, ya ba da dokin kawai. Washegari jarida ta yabe shi da cewa ya shafe minti 40 yana lissafi dalla-dalla.

Sarautar ba ta daɗe ba. A 1961 Botvinnik ya dawo da shiri, ya riƙa toshe allo yana musayar 'ya'ya don kada wuta ta samu abin kamawa, ya karɓe kambunsa da maki 13 da 8. Tal kuma ciwon ƙoda ya riga ya sa shi gaba, ga taba ba ta barin bakinsa. A 1969 aka cire masa ƙoda ɗaya.

Abin da masu ce masa ɗan caca kan manta shi ne abin da ya biyo baya. Daga Oktoban 1973 zuwa Oktoban 1974 ya buga wasa 95 a jere ba a doke shi ko sau ɗaya ba, tarihin da ya tsaya har sai da Ding Liren na Sin ya kai 100 a 2018. Sau shida yana cin gasar Tarayyar Sobiyet. A 1988, yana da shekara 51, ya zama zakaran duniya a wasan gaggawa, inda kowa ke da minti biyar kacal.

A watan Mayun 1992 yana kwance a asibiti a Mosko, jiki ya ƙare. Ya tashi ya tafi wata gasar wasan gaggawa, ya zauna gaban zakaran duniya na lokacin, Garry Kasparov, ya ci shi wasa ɗaya. Bayan wata guda ya mutu, yana da shekara 55, aka kai gawarsa Riga.