Sharhi: Sabuwar dokar karɓar bashi ta OHADA da 'yan kasuwar arewacin Kamaru

Jama'a masu sauraro, tun ranar 16 ga Fabrairun 2024 wata sabuwar doka ta fara aiki a ƙasashe 17 na ƙungiyar OHADA mai daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, ciki har da Kamaru da Cadi da Nijar, kuma ta shafi duk wanda ke bin bashi ko ake binsa. An amince da ita ne a Kinshasa ranar 17 ga Oktoban 2023, inda ta maye gurbin ta shekarar 1998.

Babban abin da ta gyara shi ne lokaci. Idan ɗan kasuwa ya kai buƙata gaban shugaban kotu domin a ba da umarnin a biya shi, doka ta ce a amsa masa cikin kwana 3. Wanda ake bi bashin kuwa, da zarar an miƙa masa takardar, kwana 10 kawai yake da su domin ya ƙalubalance ta, maimakon 15 na da. Wa'adin ɗaukaka ƙara ma ya sauko daga kwana 30 zuwa 15. Wanda ya taɓa jiran hukunci har jarinsa ya karye ba zai raina wannan gyara ba.

Sai dai wannan gajeriyar hanya ta mai hujja ce. Dole bashin ya zama tabbatacce, an san adadinsa, lokacin biyansa ya yi, kuma ya samo asali daga yarjejeniya ko cak ko makamancinsa, sannan a haɗa buƙatar da takardun shaida. To, a kasuwannin Garwa da Marwa da Ngaundere, nawa ne daga cikin buhunan masara da turamen atamfa da ake ɗauka bashi ake rubutawa? Galibi amana ce da shaidar dillali.

Abin da ya fi shafar yankinmu shi ne, a karon farko, dokar ta keɓe tsari na musamman na kama dabbobi saboda bashi, haka kuma ta ba da damar riƙe kuɗin da ke asusun waya. A nan ne ake buƙatar taka-tsantsan, domin kowa ya san garke ɗaya ba lallai ya zama na mutum ɗaya ba. A cikinsa akwai saniyar sadakin matar gida, akwai ta gadon marayu, akwai kuma waɗanda wani attajirin birni ya ba da kiwo. Doka ta ba mai dukiyar da aka kama bisa kuskure damar neman a cire masa kayansa, amma sai ya tabbatar wa alƙali cewa nasa ne, alhali shaidarsa ba ta wuce tambarin da ke jikin dabbar da bakin maƙwabta ba.

A ganinmu, aikin da ke gaban lauyoyi da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da sarakunan fawa da shugabannin makiyaya shi ne su bayyana wa mutane waɗannan wa'adodi da Hausa da Fulfulde da Larabcin Shuwa, kuma a fara rubuta bashi da kiwon amana a gaban shaidu, ko da a littafin shago ne.