Taswirar Agadas: Rijiyoyi, Hanyoyi da Iyakokin Arewacin Nijar

Assalamu alaikum. Malamaina, iyayena, ƙanne ɗalibai, barkanmu da yamma. Waɗanda ke baya ku ɗan matso, don taswirar nan da aka rataya ita za mu yi ta nunawa.

Ku dubi wannan yanki mai launin rawaya. Jihar Agadas ke nan. Faɗinta ya haura murabba'in kilomita 660,000, wato fiye da rabin Jamhuriyar Nijar, kuma ta fi ƙasar Faransa girma. Amma a ƙidayar 2012 mutanenta ba su cika rabin miliyan ba. A arewa maso yamma tana iyaka da Aljeriya, a arewa maso gabas da Libiya, a gabas da Cadi. In ka hau mota daga Agadas, Kano ta fi maka kusa da Yamai, babban birnin ƙasar. Ta Damagaram kusan kilomita 700 ne zuwa Kano, Yamai kuwa ta haura 900. Ku riƙe wannan, don daga nan rabin labarin ya taso.

Abin da nake so mu fahimta yau shi ne, layukan nan miƙaƙƙu da kuke gani a taswira ba su ne ke juya rayuwar yankin ba. Rijiyoyi ne. A tsakiya ga duwatsun Abzin, inda tsaunin Bagzan ya kai mita 2,000 da ɗoriya, kuma a kwarurukansu ake noman albasa da lemun Timiya. Daga gabas da su sai Tenere, rairayi iyakar ganinka. Bayan Tenere sai jerin dausayoyin Kawar: Bilma, Dirku, Sigidin, ƙasar Barebari da Tubawa. Tsakanin waɗannan wurare mutum ba ya tafiya yadda ya ga dama. Daga ruwa zuwa ruwa ake tafiya, wanda ya kuskure rijiya ɗaya kuwa sai dai a yi masa addu'a.

Bari in ɗan daɗe a kan ayarin gishiri, don a nan ake ganin yadda tsarin yake. Bayan damina, wajen Oktoba, Abzinawa kan haɗa raƙuma su nufi Fashi da Bilma, tafiyar kusan kilomita 600. Kafin a tashi sai an yi makonni ana yankan ciyawa ana ɗaure ta dami-dami, domin a Tenere babu abin da raƙumi zai ci. Ana ajiye wani kaso a kan hanya saboda dawowa. Madugu na gaba, yana karanta tauraro da kwanciyar rairayi, kuma ba a tsayawa cin abinci da rana, ana tafe ake dama gumba a miƙa wa juna. A Bilma akwai ramuka da ruwan gishiri ke tsattsafowa, rana ta ƙone shi, a kwashe a cusa cikin kututturen dabino da aka fafe, a kife shi ya bushe. Shi ne kantun da kakanninmu ke saya wa shanu. Me Abzinawa ke kai wa mutanen Kawar? Gero. Geron ina? Na Damargu da ƙasar Hausa. Su ɗauko gishiri da dabino, su gangaro kudu har Damagaram da Katsina da Kano, raƙumansu su yi kiwo a gonakin da aka girbe, su bar wa manomi taki, su sayi gero da baƙin yadi na turkuɗi, su koma. Kun ga ƙasa uku ke nan da ke ciyar da juna, kuma ba wanda ya nemi takardar wani.

Tarihin sarauta zan bi shi da sauri. Masarautar Abzin ta kafu a farkon ƙarni na 15, kuma babban aikin Sarkin Abzin shi ne sasanta ƙabilu don ayari ya wuce lafiya. Hasumiyar masallacin Agadas mai tsawon mita 27 an fara gina ta wajen 1515, aka sake gina ta a 1844. Bature ɗan Jamus Heinrich Barth ya sauka garin a 1850, ya tarar Hausa ce harshen kasuwa. Abin da ya karya cinikin Kano da Turabulus shi ne jirgin ƙasa da ya iso Kano a 1911, kaya suka juya suka nufi teku. Sai yaƙin Kawsan, wani jagoran Buzaye: daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917 ya tsare sojan Faransa a barikin Agadas tare da goyon bayan Sarkin Abzin Tagama. Da Faransawa suka karɓe garin sun kashe mutane da yawa, har da malamai, Abzin ta kusa zama kango.

Iyakokin kuwa a teburin Turawa aka ja su. Wadda ke tsakanin Nijar da Aljeriya asalinta ma rabon aiki ne tsakanin hafsoshin Faransa na arewa da na kudu, aka tabbatar da ita a Yamai a 1909. Da aka sami 'yancin kai sai ta zama iyakar ƙasa da ƙasa. Buzu ya wayi gari ɗan'uwansa na Tamanrasat ta Aljeriya ya zama baƙo, Batube na Kawar da na Gatrun ta Libiya kowa da tutarsa. Su dai ba su daina zuwa bikin juna ba.

Daga nan tattalin arziki ya riƙa canza kaya, hanya na nan yadda take. An fara haƙar yuraniyom a Arlit a 1971, ma'adanar Akokan ta biyo baya a 1978, aka rufe ta a Maris 2021. Kwal ɗin Anu Araren shi ke ba ma'adanan wuta. Shekara hamsin ana wannan aiki, amma wanda ya bi titin Tawa zuwa Arlit ya san abin da aka bar wa yankin. An yi zamanin 'yan yawon buɗe ido, matasa suka koyi tuƙi da jagora. Tawayen 1990 zuwa 1995 ya raunana sana'ar, na 2007 zuwa 2009 ya ƙara, sace baƙi bakwai 'yan ƙasashen waje a Arlit a Satumba 2010 ya binne ta. To direban da ya san kowace rijiya daga Agadas zuwa Tummo a iyakar Libiya, me zai yi? Ya ɗauko taliya da madarar gari da man fetur masu rahusa daga Aljeriya. Wani ya ɗauki sigari, wani tramadol. A 2014 aka ga zinare a Jado da Cibarakaten, dubban mutane suka kwarara daga Sudan da Cadi da ƙasar Hausa. Gwamnati ta rufe Jado a 2017.

Sana'ar da ta fi kowace tashe bayan faɗuwar Gaddafi a 2011 ita ce ɗaukar fasinja zuwa Libiya. Kowace Litinin motoci kan fita a jere, soja na rakiya har Dirku. A bayan Hilux ɗaya a loda mutum ashirin da wani abu, ƙafafu na reto a waje, kowa ya rungume sandar da aka kafa tsakanin cinyoyinsa don kada barci ya kayar da shi, jarkokin ruwa an naɗe su da buhu. A fili ake yi, da rasit. Sai aka kafa doka mai lamba 2015-36, bisa matsin Tarayyar Turai, aka fara aiki da ita sosai a 2016. Aka kama direbobi, aka ƙwace motoci. An yi alkawarin ba su jari su canza sana'a, kaɗan ne suka gani a hannu.

Shin tafiya ta tsaya? Ta ragu a babbar hanya, wannan gaskiya ne. Amma da yake jandarma a bakin rijiya suke tsayawa, sai direbobi suka koma kauce wa rijiyoyi, suna bin jeji da dare. In mota ta lalace ba mai wucewa. In direba ya hango ƙurar sintiri sai ya sauke fasinja ya tsere. A Yuni 2017 mutum 44 suka mutu da ƙishirwa a wannan yanki. Kada kuma mu ɗauka 'yan ƙasashen bakin teku kaɗai abin ya shafa. Tun kafin dokar ma, a Oktoba 2013 an tsinci gawa 92 kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, daga Kance a jihar Damagaram. Hausawa ne, 'yan'uwanmu. A ganina dokar ta cire sana'ar daga hannun mutanen da hukuma ta sani, ta miƙa wa masu bindiga. Gwamnatin soja ta soke ta a Nuwamba 2023.

Ta fuskar tsaro, manyan ƙasashe sun zo da kayan aikinsu. Faransa ta farfaɗo da tsohon barikin Madama a 2014 don ta sa ido kan mashigar Salbado, inda iyakokin Nijar da Aljeriya da Libiya suka haɗu, hanyar da makaman Libiya suka bi zuwa Mali. Amurka ta gina sansanin jirage marasa matuƙi a gefen Agadas, ta kashe sama da dala miliyan 100. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 Faransawa suka fice a Disamba, Amurkawa suka bar Agadas a Agusta 2024.

Ga abin da ya kamata ɗalibai ku yi nazari a kai. An kai harin ƙunar baƙin wake Agadas da Arlit a ranar 23 ga Mayu 2013, amma yankin bai zama kamar arewacin Mali ba. Me ya sa? Ni dai na fi ba wa siyasa nauyi a kan jiragen sama. Bayan sulhun 24 ga Afrilu 1995 an shigar da tsofaffin 'yan tawaye cikin soja da mulki, wasu suka zama magadan gari da 'yan majalisar jiha. Brigi Rafini, ɗan Iferwan, ya yi firaminista daga 2011 zuwa 2021. Aka kuma kawar da kai daga ƙananan sana'o'in kan hanya da ke ciyar da matasa. Ba tsari ne mai tsafta ba, amma ya riƙe.

Yanzu ƙarfin sojan Nijar ya karkata Tilaberi da Difa. 'Yan fashi na tare hanyoyin zinare. A Asamaka kuma, garin Nijar da ke kan iyaka, Aljeriya na ci gaba da sauke dubban mutanen da ta koro, a bar su a tsakiyar rairayi su taka kusan kilomita 15 kafin su ga gari, garin da ruwansa bai ishi mazaunansa ba.

An yi mini alamar lokaci. Mai tambaya ya ɗaga hannu, a miƙa masa lasifika.