Gargaɗin da ya tsaya a ofis ba ya ceton kowa

Assalamu alaikum, jama'a. Mu fara da Bangaladash, domin can ne aka ga abin da shirin tunkarar bala'i yake yi. A 1970 guguwar teku ta faɗa wa yankin, ta kashe mutum aƙalla 300,000. A 1991 wata ta kashe kimanin 138,000. Da guguwar Sidr ta zo a 2007, ita ma da ƙarfinta, ƙididdigar hukuma ta nuna mamata ba su kai 4,000 ba. Guguwa tana nan yadda take, mutane ne suka sauya. Tun 1972 aka kafa rundunar 'yan sa-kai masu bi gida-gida da lasifika, aka kuma yi ta gina mafaka a kan dogayen ginshiƙai, da yawansu makarantu ne in babu haɗari.

Tsarin gargaɗi ƙafa huɗu gare shi: sanin haɗarin, sa ido a kansa, isar da saƙo, da sanin abin yi in saƙon ya zo. Kuɗi yawanci kan tafi wajen na'urorin hasashe, amma rayuka a ƙafa biyun ƙarshe suke salwanta. Tsarin Sendai na rage haɗarin bala'o'i, wanda ƙasashe suka amince da shi a Japan a 2015 ya sa isar gargaɗi ga jama'a cikin manufofinsa, kuma da dalili.

To, me al'umma za ta yi da hannunta? A zauna da dattawa a zana taswira: ina ruwa ya taɓa kaiwa, wace hanya ce ke fara yankewa, ina tudu. A kafa sanda a bakin kogi, a shafa mata fenti kala uku, a kuma yanke tun yanzu ma'anar kowanne. Kore, a ci gaba da lura. Rawaya, a kwashe tsofaffi, masu ciki, marasa lafiya da dabbobi. Ja, kowa ya fita. In ba a yanke wannan da wuri ba, ranar da ruwa ya taso gardama za a tsaya yi.

A sa sunan wanda zai duba sandar, da mataimakinsa. Saƙo kuma ya bi hanya biyu aƙalla, saboda wayar salula takan ɗauke daidai lokacin da aka fi buƙatarta.

Ga inda na fi so ku saurara. Mutane sukan ji gargaɗi sarai su ƙi tashi, kuma ba taurin kai ba ne. Mutum yana tsoron a sace masa kaya, ko dabbobinsa su halaka, ko iyalinsa su kwana a wurin da ba sutura. In mafaka ba ta da wurin dabbobi, da makewayi daban na mata, da masu gadin gidajen da aka bari, to za ta zauna fanko. Wanda ya makara kuwa shi ke ratsa ruwa, alhali ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum.

Bayan ruwa ya janye sai kwalara. A tanadi aƙalla lita 15 na ruwa mai tsafta ga kowane mutum a rana, makewayi kuma ya yi nisan mita 30 daga rijiya. Sannan a gwada fitar gaba ɗaya sau ɗaya a shekara kafin lokacin haɗari, a riƙe agogo, a rubuta gidan da saƙo bai kai ba, a gyara.