Ɗalibi a Gidan Hausawan Sudan: Yadda Baƙo Ke Zama Ɗan Gida

Assalamu alaikum, masu kallo. Ku dubi wannan tiren da aka dire a tsakar gida. Akwai kwanon wake da aka farfasa aka kwarara masa man riɗi, ga cuku an barbaɗa a kai, ga burodi, ga yaji a gefe. Agogo ya nuna ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Mutanen gidan suna kiransa faɗur, wato karin kumallo. Shi kuwa yaron nan da kuke gani a rakuɓe, ɗalibi ne da ya sauka jiya daga Kano, kuma tun ƙarfe bakwai cikinsa ke ƙugi, domin shayi da biskit kawai aka ba shi bayan asuba. Ya ɗauka an manta da shi ne. Ba a manta ba. Haka agogon cikin Sudan yake tafiya.

A yau za mu shiga irin wannan gida, mu ga yadda ɗalibi ɗan Najeriya ko Nijar yake rayuwa idan ya sauka a hannun Hausawan Sudan. Hotunan da za ku gani na rayuwar kafin 15 ga Afrilu, 2023 ne, ranar da yaƙi ya ɓarke a Khartum. Za mu zo kan wannan.

Su wane ne masu masaukin? Jikokin mahajjata ne galibinsu. Kafin jirgin sama, mai niyyar Makka daga ƙasar Hausa a ƙasa yake bi: ya ratsa Barno, ya shiga Chadi, ya faɗo Darfur, ya wuce El-Obeid, har Sawakin a bakin Bahar Maliya. Tafiya ce ta shekaru. Guzuri ya ƙare, mutum ya tsaya ya yi noma ko ƙwadago, ya yi aure, ya haihu. Wani ya ƙarasa Makka ya dawo ya zauna a hanya, wani bai taɓa ƙarasawa ba. Sai kuma babban ayarin 1903, bayan Turawa sun ci Sakkwato, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya gabas da jama'a, suka kafa gari a gaɓar kogin Shuɗin Nilu, kudu da Sannar. Har yau sunan garin Mai Wurno. Da aka gama madatsar ruwan Sannar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, sai aiki ya samu, jama'a suka ƙaru. Shi ya sa za ka ji Hausa a Wad Madani, a Gadarif, a Kasala, a Damazin, a Fot Sudan. Sauran 'yan ƙasa kan haɗa su da Fulani da Barebari su kira su Fallata, kuma ba kowa ne ke son wannan suna ba, saboda haka kada ɗalibi ya riƙa jefa shi barkatai.

Mu fayyace wani abu. Irin tsarin nan na Amurka, da hukuma ke zaɓa wa ɗalibi gida a ba shi takarda, ba shi ne ya saba kawo yaranmu gidajen nan ba. Mafi yawan waɗanda suka yi karatu a Jami'ar Afirka ta Ƙasa da Ƙasa da ke Khartum, wadda ta fara a matsayin cibiyar Musulunci ta Afirka kafin ta zama jami'a a 1992, a ɗakunan kwanan ɗalibai suka zauna, ko su haɗa kuɗi su kama haya. Wanda ya sauka a gida, zumunci ne ya kai shi. Ƙanen kaka ne ya tafi hajji bai dawo ba, ko malamin unguwa ne ya buga waya ga wani abokin karatunsa. Babu yarjejeniya a rubuce. Amana ce, kuma amana ta fi takarda nauyi a wuyan duka ɓangarorin biyu.

To ga tarkon farko, kuma a ganina shi ne mafi girma: harshe. Ka shiga gida, tsohuwa ta tare ka da “Sannu da zuwa, ɗan nan, yaya mutanen Hausa?” Nan take zuciyarka ta ce ai gida ka zo. Ka miƙe ƙafa. Amma bakin ne kawai na Hausa. Agogon gidan, da girkinsa, da abin da ake jin kunya a kai, duk na Sudan ne, domin mutanen nan 'yan Sudan ne, a nan aka binne kakanninsu. Wanda ya sauka gidan da ba a jin yarensa yakan yi taka-tsantsan da komai. Wanda ya ji Hausa shi ne ke sakin jiki ya yi ɓaranɓarama.

Ita kanta Hausar ta sha ruwan Nilu. Tsohuwar, wadda jikoki ke kira Habboba, za ka ji kalmomi a bakinta da rabonka da su tun kakarka tana da rai. Samarin gidan kuwa rabin jimla Hausa, rabi Larabci, wasunsu ma ji kawai suke yi ba sa mayarwa. Larabcin kuma ba wanda ka haddace a Islamiyya ba ne. Ka ce “ma'un”, su ce “moya”, wato ruwa. Ka ce “maza turidu”, su ce “dayir shinu”, wato me kake so. Mutum “zol” ne, yanzu “hassa”. Ranar farko da ka tsaya a kanti ka zuba wa mai shago Larabcin littafi da wasullansa cif, zai yi murmushi ya ce maka “Sadaƙallahul azim.” Kada ka ji haushi. A aji za ka ci moriyar nahawunka, amma yaran gida 'yan shekara bakwai su ne malaman da za su koya maka na titi, kyauta, suna yi suna dariya.

Mu koma kan tire. Waken nan shi ne ful, kuma kullum sai kun gaisa. In aka ce “ful sudani” kuma, gyaɗa ake nufi. In aka ce za a kawo dakwa kada ka sa ran daƙuwar aya, niƙaƙƙiyar gyaɗa ce da ake kwaɓa salak da ita. Abincin rana sai wajen la'asar: kisra, wadda ake yi da ƙullun dawa mai tsami a shimfiɗa shi siriri kamar takarda, ko asida, 'yar'uwar tuwo, da miyar busasshiyar kuɓewa da suke kira weka. A nan ɗan Hausa ba ya shan wuya. Zoɓo na nan da sunan karkade, tsamiya ita ce aradeb, 'ya'yan kuka gongolez. Da yamma in ka fita ka ji ƙamshin nama da ƙuli-ƙuli, agashe ne, kuma ko sunan kaɗai ya isa ya gaya maka daga inda sana'ar ta fito.

Abin da ke ba da wuya shi ne ladabin ci. Kowa a tire ɗaya, da hannun dama, babu zancen a zuba maka naka ka kai ɗaki. Duk wanda ya gifta sai an ce masa “itfaddal”. Mu ma muna cewa zo mu ci tuwo ya fi tuwon daɗi, to amma a can ba faɗa ce ta fatar baki ba, nufinsu ka zauna. Ka ce ka ƙoshi, maigida ya tura maka tsoka ya ce “Alek Allah”, ya haɗa ka da Allah ke nan. Irin kawaicin da aka koya mana, na a yi tayi sau uku kana noƙewa, a wannan gida ana iya karanta shi da cewa girkin Hajja ne bai yi maka ba. Ka ci, ka yaba, ka ce “kattar kherak”, wato na gode.

Yanzu ga fasalin gidan. Wannan ɗaki mai ƙofarsa daban ta waje shi ne diwan, kusan zaurenmu ne amma da gadaje a jere. Nan ɗalibi namiji zai sauka. Kada ya yi mafarkin ɗaki nasa shi kaɗai da mukulli. Yau kai ɗaya ne, gobe baƙi huɗu sun iso daga Sannar za su ga likita, su yi mako. Littafinka a cikin akwati, karatun jarrabawa kuwa sai masallaci ko laburare. Cikin gida na mata ne, ba ka kutsa kai sai an kira ka, ko da kuwa kana kiran matar gidan Khala, wato inna. Da dare, lokacin zafi, a Mayu da Yuni da awon zafi ke haura digiri 40, kowa zai jawo gadonsa na igiya, angareb, zuwa fili. A yayyafa wa ƙasa ruwa, a kwanta ana kallon taurari ana hira har barci ya ɗebe mutum. Ni dai ban san wani abu a rayuwar Sudan da tsofaffin ɗalibai ke kewarsa kamar wannan ba. Sai dai in ka ga sama ta yi ja daga nesa kamar katanga na tahowa, habub ce, guguwar ƙura. Kwashi shanya, rufe taga.

Ɗaliba mace tata duniyar daban ce, kuma ta fi saurin zama 'yar gida, don tana tsakiyar inda ake komai. Za ta koyi soya gahawa a kan gawayi, a daka ta da citta, a zuba a jabana, 'yar butar gahawa. Za ta ga asalin humra da dilka da ake kawo mana Kano da Maiduguri. Amma ta kiyaye abu biyu: shiga dukhan, wato turara jiki da hayaƙin itace mai ƙamshi, da zanen baƙin lalle a hannu da ƙafa, a al'adar can, na matan aure ne. Budurwar da ta rangaɗa lallen Salla irin na gida ta fito, za ta sha tambayar yaushe aka ɗaura.

Sai maganar kuɗi, wadda ɗalibai ke jin nauyinta. Ka ƙirgo kuɗi ka miƙa wa maigida ka ce na haya ne, ka zage shi. Ka zauna wata shida ba ka taɓa shigowa da ko ƙwayar sukari ba, kai ma ka san ba ka kyauta ba, ko da ba wanda zai furta. Hanyar tana tsakiya. Ka shigo da sukari da ganyen shayi ba tare da sanarwa ba. Tukunyar gas ta ƙare, ka ɗauka ka sauyo. Ranar Juma'a ka riƙo nama. Ka zauna da yara ka duba musu darasin Turanci. In za ka dawo daga hutu kuwa, ka cika jaka da daddawa, kilishi, yaji da turmin atamfa. Habboba za ta buɗe ƙullin daddawa ta shinshina, ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta soma ba ka labarin wani gari da ita kanta ba ta taɓa gani ba, uwarta ce ta ba ta labarinsa.

Azumi kuwa sai wanda ya gani. Tun Sha'aban mata ke taruwa suna toya hilu-mur, abin sha na tsirarriyar dawa da kayan ƙamshi, ƙamshinsa ya cika unguwa. Maza ba sa buɗa baki a cikin gida. Kowane gida zai fito da tirensa a shimfiɗa tabarmi a bakin titi, a kan hanyar Khartum zuwa Madani har tare motoci ake yi a sauko da matafiya dole su sha ruwa. Wa zai ɗauko tiren gidanku ya fito da shi? Ƙaramin namiji a gidan. In aka ɗora maka shi a ka, to ka daina zama baƙo.

Alamar ke nan, kuma tana zuwa tun kafin azumi ga mai sa'a. Makon farko komai yi maka ake yi, ko kofi ba a bari ka ɗauka. Sai wata safiya Hajja ta leƙo ta ce, “Ya waladi, tashi ka sayo mana burodi, ka biya ka karɓo ful.” Wata rana kuma maigida ya yi maka faɗa sosai don ka kai dare a waje ba ka buga waya ba. Wasu ɗaliban a nan suke ɓata rai, su ce an fara raina su. Sun karanta abin a juye. Ba a aiken baƙo, ba a kuma yi masa faɗa. Daga ranar za a fara tafiya da kai gaisuwar mutuwa da ɗaurin aure, a gabatar da kai da “waladna”, ɗanmu.

Sai ga Afrilun 2023, ana cikin azumi. Jami'o'in Khartum suka rufe. Aka kwashi ɗaliban Najeriya a motocin safa zuwa iyakar Masar, suka yi kwanaki a mashigar iyaka ta Arƙin kafin a bar su su wuce Aswan, wasu kuma ta Fot Sudan aka ɗebo su, jiragen farko suka sauka Abuja a farkon Mayu. Su suna da fasfo da ƙasar komawa. Masu masaukinsu kuwa nan ce ƙasarsu. Da yawa suka gudu Madani, yaƙin ya cim musu a can a Disambar 2023, suka sake ɗaukar kaya. Sojojin gwamnati sun karɓe Madani a Janairun 2025, suka karɓe Khartum a Maris, wasu iyalai sun soma komawa suna share gidajen da aka wawashe.

A Kano da Zariya da Damagaram yanzu akwai likitoci da malaman Larabci da suka ci ful a irin wannan tire. Wasunsu duk wata sukan nemi mai Bankak, manhajar tura kuɗi ta can, su aika ɗan abin da ya samu. Wancan karon ba a karɓar kuɗi daga hannunsu. Yanzu ana karɓa, sai saƙon murya ya biyo baya a WhatsApp, Hausa da Larabci a cakuɗe, Hajja na tambayar ko yaron nan ya yi aure, kuma wa ke dafa masa abinci.